Araha ba ta ado? Yadda ake gane fiyanon da ya ci kuɗinsa a Yamai

A yau da wuya ka shiga ɗakin ɗaukar waƙa a Yamai, ko ka je bikin da aka ɗauko 'yan orkesta, ba ka tarar da fiyano a girke ba. Shi ne ke ba da ganga, shi ne ke ba da sarewa, wani lokaci ma shi kaɗai ne ke tsaye a madadin makaɗa biyar.

Wannan ne ya sa matasa da dama masu sha'awar kiɗa ke kallon mallakar fiyano a matsayin ƙofar shiga sana'a. Wasu su yi adashe, wasu su sayar da babur, wasu kuma su kira yaya ko kawu da ke Faransa ko Beljiyam ko Amurka su roƙe shi ya taho musu da shi.

Su ma kamfanoni sun sauko da farashi. Na'urorin haɗa sauti da a da sai manyan mawaƙan Turai da Amurka ke iya saye, yanzu ana samun ƙannensu a kan yuro 100 zuwa 300. Sai dai abin da Bature ke kira araha, a Talladje ko Boukoki ko Harobanda kuɗi ne mai nauyi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuma farashin a ɗaure yake ba ya motsi. Ke nan na'urar yuro 200 ta haura jika 131 tun kafin ta bar kanti. Tun daga 2012, shekaru fiye da goma, mafi ƙarancin albashi a Nijar sefa 30,047 ne, kafin hukumomi su amince da ɗaga shi zuwa 42,000. Ko da sabon adadin aka yi lissafi, kuɗin ya zarce albashin wata uku.

To yaya mai saye zai gane cewa na'ura ta ci kuɗinta, ba ita ce ta cinye masa kuɗi ba?

Suna ɗaya, na'urori uku

Asarar farko daga suna take farawa. Duk abin da ke da madannai farare da baƙaƙe, Bahaushe fiyano yake ce masa, masu Faransanci a Yamai kuma su ce sinte. Amma na'urori uku ne daban-daban ke ɓoye a ƙarƙashin sunan.

Na farko shi ne fiyanon rakiya, irin Yamaha PSR da Casio CT da Korg Pa. Yana ɗauke da muryoyin kayan kiɗa ɗaruruwa da aka riga aka adana, da kuma salon kiɗa da ke tafiya da kansa. Hannun hagu na riƙe da rakiya, na dama na rera waƙa. Yawanci madannansa 61 ne, ƙananan cikinsu kuma suna da lasifika a jiki. Shi ne fiyanon biki da coci da mawaƙan bege da waƙoƙin fim.

Na biyu shi ne ainihin sintesaiza. Shi ba kwaikwayon ganga ko goge ne aikinsa ba. Daga wutar lantarki yake haifar da sauti, ya bi da shi ta wata matata da ke rage masa kaifi ko ta ƙara, sannan mai kiɗa ya murɗa maɓallai ya tsara yadda sautin zai taso da yadda zai mutu. A nan ne arahar da ake ta magana ta fi bayyana. Minimoog da kamfanin Moog ya fitar a 1970 ana sayar da shi kusan dalar Amurka 1,500 a wancan zamani. A 2018 kamfanin Behringer ya fito da Model D, wanda aka gina a kan tsarinsa, a kan kusan dalar Amurka 300. Korg kuma tun 2013 yake sayar da ƙananan na'urorin Volca a kan kusan dalar Amurka 150.

Abin da talla ba ta cika faɗa da ƙarfi ba shi ne, Model D murya ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, ba shi da madannai ko lasifika, kuma ba ya adana sautin da ka haɗa. Volca Keys muryoyi uku ne iyakarsa, madannansa kuma ɗan faifai ne da ake shafawa da yatsa. Na'urori ne masu kyau a hannun wanda ya riga ya mallaki situdiyo, amma ba za su riƙe biki ba.

Na uku shi ne madannai zalla, waɗanda ba su da sauti ko kaɗan sai an jona su da kwamfuta ko waya ta hanyar MIDI, tsarin da kamfanoni suka amince da shi tun 1983. Su ne suka fi araha, kuma su ne suka fi sa mutum ya buɗe kwali ya danna ya ji shiru.

Don haka kafin a tambayi farashi, sai an amsa wata tambayar: wane aiki na'urar za ta yi? Sintesaizan da ya samu yabo a duk mujallun Turai asara ne ga wanda ke neman kiɗan biki a Yantala.

Abin da tarihin Yamai ya nuna

Birnin Yamai ba baƙo ba ne a wannan fage. Mutum biyu daga cikinsa sun kai kiɗan lantarkin Nijar duniya, kuma babu ɗayansu da ya fara da na'ura mai tsada.

Na farko shi ne Mamman Sani Abdoulaye, malamin makaranta wanda ya yi aiki da hukumar UNESCO. A 1974, wajen wani taron hukumar, ya ga wani wakili daga Ruwanda da fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla. Ya lallaɓe shi har ya sayar masa. Na hannu ne, kuma irin wanda ake kaɗawa a gida ne, ba na manyan ɗakunan ɗaukar waƙa ba.

Da shi ya zauna yana juya waƙoƙin gargajiyar ƙasar zuwa sautin lantarki, yana kuma tsara nasa. A 1978 ya shiga situdiyon gidan rediyon ƙasa ya ɗauki kaset ɗin da aka sani da La Musique Électronique du Niger. Kwafi kaɗan ne suka fita. Amma kiɗan nasa ya zauna a kunnen jama'a, domin rediyo da talabijin na ƙasa sun shafe shekaru suna sa shi a tsakanin shirye-shirye. 'Yan Nijar da yawa sun san sautin tun suna yara ba tare da sun san mai shi ba.

A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke birnin Portland a Amurka, ya sake fitar da kaset ɗin a faifai, shekara 35 bayan ɗaukarsa. Daga nan Mamman Sani ya fara zuwa wasa a Turai, aka kuma fitar da wasu tsofaffin ayyukansa, ciki har da Taaritt a 2014.

Na biyu shi ne Mouhamadou Moussa, wanda aka fi sani da Hama. Direba ne a Yamai, kiɗa kuma sai bayan an tashi aiki. Da tsohon Yamaha PSR-64 ya riƙa kaɗa waƙoƙin Abzinawa da na makiyaya da na bukukuwa, cikin wani salo mai sauri da ya sa ake masa laƙabi da Hama Techno. Kiɗan ya yaɗu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, sau da yawa ba tare da sunansa ba. Sahel Sounds ya fitar da faifansa Torodi a 2015, sai Houmeissa a 2019, wanda a cikinsa ya koma amfani da kwamfuta da manhajar FruityLoops.

Abin da ya haɗa mutanen biyu a fili yake. Kowannensu ya samu na'ura ɗaya, ya zauna da ita shekaru har ya san duk lungunanta, sannan ya sa ta ta yi magana da harshen ƙasarsa. Na'urar ta yi daidai da aikin da suke so, kuma ta daɗe ba ta mutu ba. Waɗannan biyun su ne ma'aunin da ya fi farashi.

Daga Kano zuwa Kingston

A Najeriya ma haka labarin yake. Waƙoƙin fina-finan Hausa, waɗanda a Nijar ake kira dandalin soyayya, a kan fiyanon Yamaha PSR suka tashi a situdiyoyin Kano tun shekarun 1990. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce a kan yadda wannan na'ura ta sauya kiɗan Hausa, ta kuma janye aiki daga hannun makaɗan gargajiya. Shi ma Mdou Moctar, kafin duniya ta san shi da jita, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa irin ta waƙoƙin fim.

A Jamaika, wani matashi mai suna Noel Davey ya sa ran za a kawo masa Yamaha DX7 daga waje, na'urar da farashinta ya kai kusan dalar Amurka 2,000 lokacin da ta fito a 1983. Sai aka kawo masa ɗan ƙaramin Casio MT-40 na wasa a gida. A cikinsa ne shi da mawaƙi Wayne Smith suka tsinci wani salon kiɗa da wata ma'aikaciyar Casio, Okuda Hiroko, ta tsara. Suka kai wa King Jammy, aka fitar da Under Mi Sleng Teng a 1985. An yi waƙoƙi ɗaruruwa a kan wannan kiɗa, kuma shi ya buɗe zamanin rege na na'ura.

Roland TB-303 kuwa kasuwa ce ta ƙi shi. Ya fito a 1981, aka daina ƙera shi a 1984, ya koma shagunan kayan hannu ana sayar da shi a wulaƙance. Matasan Chicago suka saye shi don arha, suka murɗa shi ta hanyar da masu ƙera shi ba su yi tunani ba, aka samu sabon salon kiɗan rawa. A yau na asalin ya fi ƙarfin aljihun yawancin mawaƙa.

Sai dai waɗannan labarai na iya ruɗar mai saye. Ana ba da labarin wanda ya dace ne, ba a ƙirga fiyanon da ke kwance a ƙarƙashin gado saboda adafta ta ƙone ko madanni biyar sun daina amsawa. Araha na iya yin ado, amma sai an duba abubuwan da ke biye.

Farashin kanti da farashin Yamai

Kuɗin da ke rubuce a shafin mai sayarwa a Turai somin-taɓi ne. Nijar ba ta da teku. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 hanyar Kwatano ta samu tangarɗa, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada. Kamfanin Air France ma ya dakatar da zuwa Yamai tun watan Agustan wannan shekara. Bayan kuɗin jigila akwai na kwastan, ko duwan kamar yadda ake cewa a Nijar, sannan ga harajin TVA na kashi 19 cikin 100.

Bayan ta iso ma ba a gama ba. Fiyano na buƙatar ƙafar ɗorawa, da jaka, da wayoyin jonawa, da na'urar daidaita wuta. Ƙaramin sintesaiza na buƙatar fiye da haka: madannai, da lasifika ko abin kunne mai kyau, da abin da zai shigar da sautinsa kwamfuta. Na'urar yuro 150 da ke buƙatar kayan yuro 250 kafin ta yi amfani, ta yuro 400 ce.

Akwai kuma batun garanti. Takardar shekara biyu ko uku da aka ba ɗan'uwanka a Liyon ko Burasel tana aiki ne idan na'urar ta koma can. Kuɗin mayar da ita na iya kai rabin farashinta. A aikace, duk abin da ya sauka a filin jirgin Diori Hamani, gyaransa na hannun masu gyaran rediyo da talabijin na gari. Saboda haka na'urar da suka saba buɗewa, wadda ake samun matacciyar irinta a cire mata kaya a Katako ko a Kano, ta fi baƙuwar da babu wanda ya taɓa ganin cikinta.

Wuta, zafi da ƙura

Abubuwa uku ne ke kashe kayan kiɗa a Yamai, kuma babu ɗayansu da mai sharhi a YouTube daga Jamus zai gwada maka.

Na farko wuta. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma lokacin da aka katse shi a watan Agustan shekarar, unguwanni sun riƙa shafe sa'o'i cikin duhu. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafin abin, amma ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, musamman a bazara, ba su ƙare ba. Janaretan wajen biki ma ba abin yarda ba ne. Shi ya sa na'urar da ke aiki da batir ke da wata daraja da ba a rubuta a farashi. Yamaha PSR-E373 da Casio CT-S300 da Korg Volca duk suna tashi da batir shida irin na AA.

A duba adafta da kyau. Wutar Nijar 220V ce, ta Amurka da Kanada 120V. Idan ba a rubuta 100-240V a jikin adafta ba, jona ta kai-tsaye ƙonewa ne. Kuma adaftoci ba sa aron juna. Ƙananan Yamaha 12V suke ci, manyan PSR-S 16V, Casio na yanzu 9.5V, Volca 9V. Har bakin adaftar ma ya bambanta: a wasu tsakiyar ce mai alamar tarawa, a wasu kuma mai alamar ɗebewa. Ganin baki ya shiga rami ba hujja ba ce.

Na biyu zafi. Littafin da Yamaha ke haɗowa da fiyano ya nuna an gwada shi ne tsakanin digiri 5 zuwa 40. A Afrilu da Mayu zafin rana a Yamai kan wuce 40. Barin fiyano a cikin mota ko ƙarƙashin kwano da tsakar rana na lalata allonsa, yana kuma lanƙwasa roba. Sintesaiza irin Model D kuwa muryarsa kan zame idan zafi ya sauya, sai an bar shi ya ɗumama an sake saita shi.

Na uku ƙura. A ƙarƙashin kowane madanni akwai wata 'yar roba da ke taɓa allo idan an danna. Ƙurar hunturu na shiga nan, sai ka ga madanni ya yi shiru, ko ya riƙa ihu ko da a hankali aka taɓa shi. Gyara ne mai sauƙi ga wanda ya iya, rigakafinsa kuma ƙyalle ne da jaka. Na'ura mai maɓallan murɗawa talatin ƙofofin ƙura talatin gare ta.

Yana jin kiɗanmu?

Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa da ita. Yawancin salon da kamfani ke zubawa a ƙananan fiyano na kiɗan Turai da Amurka ne, masu tafiya huɗu-huɗu. Kiɗan Hausa da na Zabarmawa da na Abzinawa kuwa da yawansa rausaya yake uku-uku, kamar takamba. Fiyano mai salo 200 wanda babu ko ɗaya da ya zauna da rawar amarya bai ba ka komai ba. A tambaya: yana karɓar sabon salo daga waje? Yana barin mai shi ya ƙera nasa? Ƙananan PSR-E kaɗan suke karɓa. Manyan PSR-S da PSR-SX da Korg Pa ne ke ba da damar ƙerawa da adanawa, kuma dalilin da ya sa makaɗan biki ke binsu ke nan ko da sun tsufa.

Sai lanƙwasa murya. Goge da algaita da sarewa ba sa tsalle daga murya zuwa murya, zamewa suke yi, kalangu ma haka. A fiyano, ɗan gargaren da ke gefen hagu ne ke yin wannan aiki. PSR-E373 ba shi da shi, PSR-E473 da Casio CT-S300 suna da shi. Ga mai son kwaikwayon sarewar Fulani, wannan ɗan gargare ya fi muryoyi ɗari na ƙari. Masu kiɗan da ya karkata ga na Larabawa kuma suna buƙatar irin PSR-A, wanda ke ba da damar sauke wasu muryoyi da rabin rabi.

A duba ko madannan na jin ƙarfin yatsa. PSR-E273 da CT-S200 ba sa ji: ko ka danna a hankali ko da ƙarfi, sauti ɗaya ne. Bambancin kuɗinsu da na gaba da su kaɗan ne, amma wanda ya koya a kansu sai ya sake koyon hannu daga baya.

A ƙarshe a juya bayan na'urar. Idan ramin abin kunne kaɗai gare ta, za a iya jona ta da miksa, amma ba kamar mai ramukan fita biyu na hagu da dama ba. Ramin USB da ke ɗaukar sauti kai-tsaye zuwa kwamfuta kuwa yana rage wa mai situdiyo sayen wata na'urar.

Sabo ƙarami ko babba na hannu?

Da kuɗi ɗaya, mai saye kan tsaya tsakanin sabon fiyano na masu koyo da tsohon babba da ya sha aiki. Ga mai koyo, sabon ya fi kwanciyar hankali. Ga mai neman abinci da shi, tsohon babban yakan fi, muddin an gwada shi da kyau.

A nan gani ya kori ji. A danna madannan duka 61 ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. A murɗa maɓallin ƙara a saurari ko yana ƙarar yashi. A duba allo ko rubutu ya fara shuɗewa. A buɗe gidan batir, farin gari ko tsatsa alama ce ta batir ya taɓa fashewa a ciki. A jona kowane rami a girgiza wayar. A bar shi a kunne rabin sa'a, domin wata cutar sai ya yi zafi take fitowa. Tsofaffi irin PSR-730 da PSR-2000 da faifan fulofi suke adana aiki, abin da samunsa ya yi wuya yanzu, don haka sai an tabbatar an sauya musu abin karanta filas ko a rage kuɗi.

A kula da jabu da kuma na wasan yara. Akwai fiyano marasa asali da ake liƙa wa suna mai kama da na manyan kamfanoni. Na gaskiya yana da lambar ƙira da lambar siriyal a ƙasansa, kuma idan aka nemi lambar ƙirar a shafin kamfanin za a ga hotonsa da littafinsa. Wanda ya ƙi bari a gwada kayansa, ya riga ya ba da amsa.

Idan kwamfuta na nan fa?

Komawar Hama kan kwamfuta ta nuna wata hanyar. Wanda ke da laftof, ƙananan madannan MIDI sun ishe shi fara tsara kiɗa. Akwai manhajoji na kyauta, ba na sata ba, irin Surge XT da Vital, da Dexed wadda ke kwaikwayon DX7 ɗin nan na dalar Amurka 2,000. Ta fuskar yawan sauti, babu sintesaizan yuro 200 da zai kamo su. Laftof kuma batirinsa na jikinsa.

To me ya rage wa na'ura? Ana kunna ta ta tashi nan take. Ba ta kamuwa da bairos daga filas ɗin abokai. Ba ta maƙalewa ana tsakiyar rawa. Kuma yatsu na koyon ta kamar yadda suke koyon molo. Ga mai hawa dandamali, wannan ya isa dalili. Ga mai aiki a ɗaki shi kaɗai, yana haɗa kiɗan rap ko tallar gidajen rediyo irin Anfani da Saraounia da Ténéré, kuɗin sintesaiza ya fi amfani idan aka sa shi a makirfo da abin kunne mai kyau.

Lissafin mayar da kuɗi

Mai sana'a da alƙalami yake hukunci. A ɗauki misali kawai: fiyano ya iso hannu a kan jika 300 da duk kayansa, kuma abin da ke rage wa mai shi a kowane wasa, bayan kuɗin mota da na yara, jika 10 ne. Wasa 30 ke nan kafin ya fara cin riba. Idan yana samun wasa uku a wata, wata goma ne. A tuna kuma bukukuwa na da lokaci: suna yawa gab da azumi da bayan salla, su yi sauƙi a cikin Ramadan. Kowa ya sa nasa adadin a wannan lissafi, zai ga ko na'urar jari ce ko sha'awa.

Sha'awa ba laifi ba ce, Mamman Sani ma da albashinsa na ma'aikaci ya fara. Amma gara mutum ya san wadda yake yi kafin ya ci bashi.

Sai ranar sayarwa. Yamaha PSR na da masu nema a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Kano, ko bayan shekara biyar za a karɓe shi da daraja. Ƙaramin sintesaiza mai murya ɗaya, komai kyansa, masu nemansa a ƙasar ba su da yawa. Wanda ya saye shi ya ɗauka ya aure shi.

Ga masu aikowa daga waje

'Yan'uwa mazauna ƙetare su ne suka fi faɗawa tarkon rangwamen ƙarshen shekara. Kafin a biya, a sa wanda za a aika wa ya rubuto lambar ƙirar da yake so, harafi da lamba, ya kuma faɗi aikin da zai yi da ita. A haɗo da adaftar asali, in da hali guda biyu, da jaka mai kauri, da batura masu caji. A riƙe rasit saboda duwan. Fiyano mai madannai 61 tsawonsa ya kusa mita ɗaya, don haka a tambayi kamfanin jirgi ƙa'idarsa tun kafin ranar tafiya. Wani lokaci ma turo kuɗin a sayi na hannu a gida, wanda mai shi ya gwada da yatsunsa, ya fi aiko sabo.

Idan kuma da ragowar canji, a sa shi a karatu. Cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya tana nan a Yamai tun 1989, inda marigayi Malam Mamane Barka, gwanin biram da gurumi, ya yi aiki, kuma tana adana kayan kiɗan gargajiya da matashi zai saurara ya san abin da yake ƙoƙarin kwaikwaya. Wanda ya fara tsara nasa kuma ya yi rajistar aikinsa a ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA, kada kiɗansa ya zaga ƙasa ba suna.

A taƙaice, ga mai koyo, ƙaramin fiyanon rakiya mai jin ƙarfin yatsa, mai aiki da batir, ya ci kuɗinsa. Ga makaɗin biki, gara ya ƙara haƙuri ya tara ya sayi wanda ke ƙera salo, ko da na hannu ne. Ga mai situdiyo, sintesaiza mai araha abin sayen ƙarshe ne, bayan makirfo da lasifika da wutar da ba ta yankewa. A kowane hali, na'urar da za a kunna kullum har shekara biyar ta fi araha a kan wadda aka samu a rabin farashi ta kwana a kwali.